Allurar Kabad

Safiyar Litinin mai gwajin asibiti ta shigar da Sufeton 'yan sanda ɗakinta, ta rufe ƙofa. Ta ajiye faranti biyu na gilashi a tebur.

"Ranka ya daɗe, ƙwayar cutar da na samo a ruwan ƙashin bayan masu sanƙarau ce na shuka a nan. Wannan na ɗiga masa allurar sito. Ka ga fili fes a tsakiya? Ƙwayar ta mutu. Wancan kuma allurar kabad ɗin ɗakin jinya ce."

Faranti na biyu ya cika maƙil, ko ɗigon fili babu.

"Kwalba iri ɗaya, suna ɗaya, amma ba magani ba ne a ciki. Mutum huɗu sun rasu a mako guda. Saura tara a kwance."

Nan take Sufeto ya sa aka garƙame kabad ɗin, aka koma ɗauko allura daga sito.

Ya fara bincike da mai sito. Katan-katan nasa a liƙe suke, murfin kwalabensa sumul. Na kabad kuwa kowanne da tabon filaya a gefe.

"Makullin kabad nawa ne?"

"Biyu, yallaɓai. Ɗaya wurin babbar nas, ɗaya wurin likitan ɗakin."

An sassaki labule a ɗakin jinya saboda haske na soke idon marasa lafiya. Wuyansu a sanƙare, sai nishi. Masu jinya sun toshe hanci da ƙyalle, kowa na tsoron numfashin na kusa da shi. Babbar nas na riƙe da hannun wata tsohuwa.

"Wace ce?"

"Mahaifiyata."

"Daga ina kike ɗauko allurarta?"

"Daga kabad mana. Da hannuna nake yi mata, safe da yamma."

Da ya gaya mata ba magani ba ne a cikin kwalaben, sai ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Ni nake kashe Inna?"

Likita kuwa a ofis ya tarbe shi da murmushi.

"Ƙwayar ce ta gagari magani, Sufeto. Tun Alhamis na rubuta a katin kowa."

"Sakamakon gwaji yau ya fito, kuma ya ce ƙwayar na jin magani. Wa ya gaya maka ranar Alhamis?"

"Ƙwarewa ce."

"To da ƙwarewa ta nuna maka ba ya aiki, me ya hana ka canza wani?"

Sufeto ya sa aka binciki motar likita.

A but ɗin motar aka samu filaya, da ƙullin farin garin da yake ɗura wa kwalaben, da allurar gaske guda sittin da yake kai wa asibitinsa na bayan gari.

"Sito lafiya lau, ke nan a kabad aka yi musanya," Sufeto ya ce wa mai gwaji. "Nas ba za ta ɗura wa uwarta gari da saninta ba. Likita kuwa ya tanadi dalilin mutuwa tun ba a tambaye shi ba."

Kafin Laraba mutum biyu suka ƙara cikawa. Bakwai suka tashi, har da tsohuwar, sai dai ta kurmance, ba ta sake jin magana ba.