Hoton Wuyan Zaharaddeen

"Murja, kada ki tafi ko'ina," in ji Zaharaddeen. "In sun fito da ni, ke nake so in fara gani."

"Ina zan je? Ga ni nan bakin ƙofa."

Ma'aikatan asibitin sun cire mishi hula da riga, sun sa mishi wata shuɗiya mai igiya a baya. Kafin a rufe ƙofa na hango na'urar hoton, fara, da rami a tsakiya, da siririn gado mai shigar da mutum ta kai. Makara ce kawai ta faɗo min a rai.

Na zauna kusa da Inna Yelwa, mahaifiyarshi. Tana ta jan carbinta.

Zaharaddeen ɗan Tsafe ne, tela a Sabon Garin Gusau. Ni 'yar Bungudu ce, ɗiyar Malam Jatau wanzami. An riga an sa ranarmu, sai bayan girbi.

Tun farkon damina ya fara haɓo, kunnenshi na dama ya toshe. Sai wani ƙulli ya fito mishi ƙarƙashin kunnen, ba ya ciwo. Ranar da ya zo zance Baba ya gani, ya latsa da yatsa.

"Kaluluwa ce, yaro. Mugun jini ne ya taru. Zauna."

Ya tsaga, ya kafa ƙaho. Da baƙin jini ya fito duk muka yi hamdala. Daga nan duk ranar kasuwa sai ya zo a sake yi mishi, ni kuma ina murna, na samu dalilin ganinshi. Haka damina ta yi nisa. Sai da jini ya ɓalle mishi kan keken ɗinki, ya ɓata farar shaddar mutane, sannan aka kai shi asibiti. Suka ɗebi nama ta hanci, suka ce ciwon daji ne can bayan hancin. Hoton nan kuma shi zai nuna iya inda ciwon ya kai.

Da aka fito da shi leɓenshi ya bushe, amma ya yi min murmushi.

"'Yar wanzami, kuka kika yi?"

"Wa ya ce maka? Sa hularka."

Da hoton ya fito likita ta kira mu, wata Dakta Halima. Lawwali, ɗan ƙanen Babana da ya kawo mu a motarshi, ya biyo mu ya tsaya jikin ƙofa. Ya taɓa nemana na ƙi shi, amma ranar ban ko tuna da shi ba.

Ta juyo mana da kwamfuta. Ni ban ga komai ba sai toka-toka.

"Nan ciwon ya fara," ta ce. "Waɗannan ƙulle-ƙullen na wuya, nan yake sauka in ya tashi tafiya. Da a gefe ɗaya suke, kuma a sama, da hankalina ya fi kwanciya."

"Ai guda ɗaya ne, likita," in ji Inna Yelwa. "Na dama."

"Shi ne wanda hannu ke ji, Inna."

Ta riƙa nunawa da biro. Ga na dama. Ga wasu a hagu. Ga wani a bayan maƙogwaro, inda yatsa ba ya kaiwa. Biron ya ci gaba da sauka, ina roƙon Allah ya tsaya... bai tsaya ba sai gindin wuya, inda wuyan riga ke zama.

"In ya sauko nan, ya yi nisa."

"Zai tashi?" Ban san lokacin da na tambaya ba.

"Za a tura shi Sakkwato, a gasa ciwon da na'ura, a haɗa da magani. Ana samun masu tashi. Amma ba zan ɓoye miki ba, ƙanwata, ina jin tsoro."

Muka koma Bungudu. Ina cire mayafi a ɗaki, Lawwali yana zaure yana kwashe wa Baba abin da likita ta ce.

Bayan la'asar Baba ya kira ni.

"Maganar auren nan ta tashi. Ba ni sa ɗiyata takaba da lallen aure a hannu."

Ban gama kuka ba Zaharaddeen ya bugo waya, muryarshi can cikin hanci.

"Murjata, saƙon Baba ya iso ni, kuma yana da gaskiya. Na yafe miki alkawarin."

"Ni ban yafe maka ba. Wa zai yi jinyarka a Sakkwato? Innarka da ba ta iya hawa bene?"

"Kin ga hoton da idonki."

"Na gani. Shi ya sa."

Na koma zaure. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba, kaina a ƙasa na yi ta.

"Baba, da ka ce mugun jini ne bai yi musu ba, don kai ne ubana. Ya bar asibiti a Gusau yana zuwa Bungudu. Yanzu mu ne za mu fara gudunshi?"

"Ke Murja," in ji Lawwali, "Baba kike..."

"Tashi ka ba mu wuri," Baba ya ce mishi.

Ya daɗe yana kallon zabirarshi ta wanzanci. Washegari ya hau mota zuwa Tsafe shi kaɗai. Da ya dawo, Innata ce ta gaya min an matso da ranar, don sai matar aure ce za ta iya bin shi jinya.

Ranar Juma'a aka ɗaura. Babu kiɗa.

Gashin ya ƙona mishi wuya, ya busar da bakinshi, ko tuwo ba ya wucewa. Kunu nake dama mishi ruwa-ruwa. Kullum da safe, kafin ya farka, sai in shafa wuyanshi a hankali. Ƙullin dama ya sace har ya ɓace. Muka dawo Tsafe, har ya ɗinka min riga. Sai tari ya fara. Aka sake hoto, aka ce ya shiga huhu.

A ƙarshe ya rame, ni kaɗai nake tayar da shi zaune. Wata safiya ina ba shi kunu, ya riƙe min hannu.

"Murja, kin yi asara. Budurwa da ke."

"Wa ya tambaye ka? Buɗe bakinka."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, mijina. Ko yau aka ce in sake zaɓa, nan za ka same ni. Sha."

Ya sha har ya kusa shanyewa. Ya ce in gyara mishi matashi, zai ɗan kwanta.

Kafin azahar aka kai shi makwancinshi.