Rufe Ido, Buɗe Ido a Kwarin Gaji

"Wai ni Khairi, me na yi miki ne?!"

Khairunnisa ba ta ɗago ba. Tana zaune a bakin gado, a ɗakin da suka kama cikin dajin Yankari, ta ja mayafi har kan hancinta. A saman rufin kuwa sai dirin ƙafafu ake ji, gwaggon birai na guje-gujensu.

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya Harisu..."

"Ban yi miki komai ba? Tun daga Dutsi na ɗauko ki a motar aro, na ratsa Kano na ratsa Bauchi ina rarrafe kamar mai dakon ƙwai, don kin ce gudu na sa ki jiri. Mun iso, kin rufe fuska kamar amaryar jiya! Na ce leƙo ki ga birai, kin ce kanki. Na ce taso mu ga ruwan ɗumi na Wikki, kin ce ƙafarki..."

Ta cije leɓe. Amsar tana bakinta, amma an ɗaure ta.

Shekararsu huɗu da aure. Harisu ɗan yayar mahaifiyarta ne, direba mai jigila tsakanin Daura da Kongolam. Tun yana zuwa zance ya yi mata alkawarin wata rana sai ya kai ta ta ga giwa da idonta, ita kuma ta riƙa yi masa dariya. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu murna na kwashe shi ya shiga tasha yana rabon goro, sau biyu kuma cikin na zubewa. Bayan na biyun dariyarta ta ɗauke. Shi ne ya tuno da tsohon alkawarinsa, ko giwa za ta dawo masa da matarsa.

Ana gobe za su taso, mahaifiyarsa, Inna Maijidda, ta ga Khairi ta toshe hanci daga warin daddawa. Ta ja ta ɗaki.

"Na uku ne ko?"

Khairi ta sunkuyar da kai.

"Alhamdulillahi! Da ta ni ce da ba ki je ko'ina ba, amma yaron nan ya kafe. To, abu biyu zan roƙe ki. Kada ki gaya masa sai ya motsa, kin san bakin ɗana ba marfi. Sannan dajin nan an ce birai ne fal. Kada ki yarda ki haɗa ido da ko ɗaya, kin san mai juna biyu ba ta kallon mummunan abu. Ki yi mini alkawari, 'yar nan."

Ta yi. Ba ta san birai ne za su fara tarbarsu tun daga bakin ƙofa ba.

Da la'asar aka kira masu shiga daji. Suka hau bayan wata doguwar mota mai buɗaɗɗen gefe, su da wasu 'yan makaranta da malaminsu, da wani ma'aikacin daji mai suna Ya'u da ke yi musu jagora.

Motar ta gangara kwarin kogin Gaji. Sama duk rani ya ƙone ciyawa, amma nan ƙasa kamar damina ce ta ɓuya ba ta tafi ba. Iska mai sanyi ta buso da ƙamshin danyen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Khairi na jin kukan tsuntsayen da ba ta taɓa ji ba, amma idonta na kan yatsun ƙafarta.

"Ga gwanki can!" in ji Ya'u.

"Ga ɓauna! Kai, ku dubi ƙaho!"

"Ga mugun dawa da 'ya'yanta, sun ɗaga wutsiya kamar eriyar rediyo!"

Yara na ta ihu, ita zuciyarta na ƙaiƙayi. Duk sanda ta yi niyyar ɗagowa sai ta ji wani ya ce, "Ga biri a bishiya!" sai ta ƙara jan mayafi.

Harisu ya daina nuna mata komai. Shirunsa ya fi faɗansa ciwo. Can ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Na gane, Khairi."

"Ka gane me?"

"Kin gaji da ni. Tun ranar da muka dawo daga asibiti ba ki ƙara kallona yadda kika saba ba. Na ce ko daji zai wanke miki zuciya, ashe ni ne ba kya son gani." Ya kawar da kai. "Ba zan riƙe ki da ƙarfi ba, sanyin idona. In mun koma zan kai ki gida ki huta. In hutun ya zarce... zan yi haƙuri."

"Yaya Harisu!"

"Shiii!" Ya'u ya ɗaga hannu, ya bugi kan motar, direba ya kashe inji. "Kowa ya yi shiru. Ko tari ban yarda ba. Ga su nan..."

Wata ƙarar karyewar reshe ta fito daga kurmi. Khairi ta ji motar ta yi tsit kamar masallaci. Hawaye na bin kumatunta ta tambaya cikin raɗa, "Akwai biri a wajen?"

"Wane irin biri kuma?"

"Don Allah ka duba."

Ya duba a fusace. "Babu."

Ta ɗaga mayafin.

Subhanallahi! Giwaye ne ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, manya kamar rumbuna sun yi ƙafa, amma ko sautin takunsu ba ka ji. Rana ta karkata, ta zuba musu ja a gadon baya. Suka gangara ruwa, suna kaɗa kunnuwa a hankali, fararen balbelu na tashi suna sauka a gefensu. Wata babba ta tsaya tsakanin motar da garken. A ƙarƙashin cikinta ga wani ɗan jariri, yana ta kokawa da hancinsa, ya rasa yadda ake shan ruwa da shi. Ya zame cikin taɓo, uwar ta sa hanci ta tallabo shi, ta mayar da shi tsakanin ƙafafunta.

Khairi ta ji hannunta ya sauka a kan mararta ba da saninta ba. Inna ta hana ta magana don ta tsare abin da ke cikinta. Amma in ta ci gaba da shiru, gidan da za a haife shi ne zai rushe.

Ta matsa kusa da kunnensa.

"Ban gaji da kai ba, nawa. Ko na kwana ɗaya. Inna ce ta ce... kada in kalli biri."

"Inna? Me ya haɗa Inna da..."

Ya tsaya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san wace mace ake hana wa kallon biri. Ta ga idonsa ya sauka kan hannunta, ya dawo fuskarta, ya sake sauka. Bakinsa ya buɗe, ƙirjinsa ya cika da iska. Ta san wannan iskar, ita ce take tara mutane a tasha.

"Alla..."

"Malam!" Ya'u ya zaro masa ido. Babbar giwar ta juyo, ta baza kunnuwa.

Harisu ya cusa hularsa a baki. Kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba, mutumin da bai taɓa riƙe albishir ba yau giwa ta sa shi ya haɗiye. Khairi ta toshe bakinta da mayafi, dariyar da ta ɓace mata tun bara tana neman ƙwace mata.

Sai da garken ya haye kogin aka tayar da mota.

"Na san za ka ce camfi ne," ta ce masa. "Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ba ka fashin karatu wajen malamai, komai ka ce babu shi a littafi."

"Camfi ne mana. Allah ne mai halitta."

"Ni ma na sani. Amma biyu na rasa, Yaya. Ko ce mini aka yi kada in kalli sama, ba zan kalla ba."

Sai ya miƙe zaune, ya gyara hula, ya ƙura wa hanya ido kamar yana tuƙi.

"Rufe ido! Ga biri a kan gawo... To buɗe, gwambaza ce, 'yar'uwar gwanki, dubi kyan wuyanta. Rufe, rufe! Kai, wannan mummunan har da iyalinsa! Buɗe, masoyiya, ga rana na faɗawa ruwa..."

Haka suka ƙarasa kwarin, yara na yi musu dariya ba su san dalili ba.

Da suka koma Dutsi, kallo ɗaya Inna Maijidda ta yi wa ɗanta ta tafa hannu. "Shi ke nan, gobe tasha ta ji!" Amma tasha ba ta ji ba. Duk sanda maganar ta taso masa, sai abokansa su ga ya cire hula ya cije ta, har suka fara cewa ko haƙori ke damunsa.

Bayan an gama girbi Khairunnisa ta sauka lafiya, namiji. Inna ta karɓe shi, ta fita da shi haske, ta duba goshi, ta duba hanci, ta yi hamdala. Sai ta tsaya a kan kunnuwan, fala-fala, sak irin na ubansa.

"Ke 'yar nan, gaya mini gaskiya. Me kika kalla a dajin nan?"

Khairi ta dubi Harisu da ke bakin ƙofa da hula a baki.

"Giwa, Inna," ta ce. "Kuma na daɗe ina kallo."