Tabarma a Ƙofar Shagon Gahawa

Ranar da Niko ya fara shiga shagon Mama Fuatino, da goshinsa ya yi sallama. Dogo ne, shagon kuwa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar laburaren jami'a, ga kofuna rataye a jikin ƙusoshi tun daga bango har saman ƙofa. Ya bugi ɗaya, sauran suka amsa.

"A hankali, Dogo," in ji yarinyar da ke bayan injin gahawa. "Kowane kofi a nan yana da mai shi."

"Yi haƙuri. Gahawa ɗaya, a kofin takarda. Lacca zan shiga."

"Ba ma ajiye na takarda. Zauna ka sha."

"Na makara fa."

"Ai ka riga ka makara. Zauna."

Ya zauna. Ni da nake soya musu fanken ayaba a baya na leƙo, na gane shi. Faleniko ne, da muke kira Niko, ɗan cocinmu na unguwar Logan, wanda aka kawo daga Samoa yana ƙarami bayan rasuwar babansa. Ladabinsa har ya yi yawa. Ka ce masa zauna, zai zauna ko a kan tururuwa ne.

Yarinyar kuwa Taimane ce, 'yar Mama Fuatino tilo, tana karatun lauya, tana taya uwarta aiki tsakanin lacca da lacca. A nan birnin Brisbane aka haife ta, bakinta bai san tsoro ba. Ta ajiye masa gahawa da fanke biyu da bai tambaya ba. Ya ɗaga kai zai yi godiya, suka haɗa ido, ya manta da godiyar. Laccar ranar dai ba ta gan shi ba.

Al'adar shagon ita ce, in ɗalibi ya yi ta zuwa har Mama ta haddace yadda yake shan gahawarsa, sai ta zaɓa masa kofi, ta kafa masa ƙusa. Ba a daɗe ba aka kafa wa Niko tasa, can sama inda hannunsa kaɗai ke kaiwa. Shuɗin kofi ne mai 'yar tsaga a baki.

"Me ya sa nawa yake da tsaga?"

"Don ka riƙa tuna goshinka," in ji Taimane.

Daga nan sai saƙonnin waya suka fara tsakaninsu, yana kiranta 'Yar Fanke, tana kiransa Dogo.

"'Yar Fanke, na ci jarrabawar. Me zan samu?"

"Gahawa. Zan zana maka zuciya a kan kumfarta."

"Ta jiya da dankali ta yi kama."

"Hannuna ne ke rawa in kana kallona, Dogo. Laifinka ne."

Wannan saƙon na ƙarshe, Niko ya karanta shi har wayar ta gaji. Ranar Lahadi in an tashi daga coci sukan tafi bakin kogi, ita tana surutu, shi yana kallonta kamar wanda aka yi wa kyautar da bai san inda zai ajiye ba. A nan ya ce mata, "Duk inda kika tsaya, nan zan tsaya."

Ana cikin haka hukumar jami'a ta sanar cewa ba za a sabunta hayar shagon ba. Za a fasa lungun a haɗe shi da zauren gaba, wani babban kamfani mai reshe a kowane filin jirgi zai buɗe nasa. Mama Fuatino, da ta shiga lungun nan tun Taimane tana goye, ta ci gaba da goge teburanta.

Ɗalibai ne suka yi maganar. Suka sauke kofunansu, suka ɗauki cokula, suka je gaban ofishin shugaban jami'a suna kaɗawa. Taimane a gaba da lasifika, a gefenta Darcy, shugaban ƙungiyar ɗalibai, wani Bature mai jan gashi da ya daɗe yana shan gahawa fiye da ƙima saboda ita. Hayaniya ta ishi hukuma, ta yarda a yi zama a bainar jama'a, ta kuma yi alkawarin in wakilin ɗalibai ya ƙi amincewa, za a sake duba maganar. Ɗalibai suka zaɓi Niko, don malamai suna ganin natsuwarsa.

Da safiyar zaman Taimane ta rubuta masa: "Kada ka ji tsoronsu, Dogona. Ina sahun baya tare da Mama. In ka rikice, ni za ka kalla."

"Ba zan rikice ba. Na yi miki alkawari."

Zaure ya cika maƙil. Aka kira mutumin da ya sayi izinin buɗe reshen, ƙofa ta buɗe, sai ga Kawu Alapati cikin kwat. Yayan mahaifiyar Niko ne, kuma matai ɗinsu, shugaban zuriya. Shi ya kawo su ƙasar nan, a gidansa Niko ya girma. Kowa ya san shi da kamfanin share ofisoshi. Ba wanda ya san ya shiga harkar gahawa, har Niko.

Da aka zo kan wakilin ɗalibai, Niko ya miƙe da takardarsa a hannu. Kawu Alapati bai ɗaga murya ba. Da harshenmu na Samoa ya yi magana, a hankali, kamar yana falonsa.

"Zauna, ɗana."

Turawan da ke teburin ba su san abin da aka ce ba. Mu mun ji. A wurinmu yaro ba ya tsayuwa a kan matai ɗinsa yana magana, balle ya musa masa a gaban baƙi, kuma ƙafafun Niko sun san haka tun kafin kansa ya yi tunani. Ya zauna. Shugabar zaman ta tambaye shi ko yana da ja, ta sake tambaya. Kansa na ƙasa. Ta ce a rubuta wakilin ɗalibai ba shi da ja.

Ko sau ɗaya bai waiwayi sahun baya ba.

Da yamma saƙonnin Niko suka yi ta shigowa wayar Taimane.

"Allah ne shaidata, ban san shi ba ne."

"Ki ɗauki wayar, ko zagina ne ki yi."

"'Yar Fanke."

Amsa ɗaya ta ba shi: "Na yarda ba ka sani ba. Ko da ka zauna, ai da sai ka waiwayo ka kalle ni. Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Washegari ta taka kujera ta sauke shuɗin kofin, ta jefa shi a kwandon shara, ta shigo baya wurina ta yi ta kuka har fankena ya ƙone. Da na zo zubar da sharar ban ga kofin ba, ban kuma tambaya ba.

Niko ya je gidansu ban haƙuri. Mama Fuatino ta tare shi a ƙofa.

"Ban ga laifinka ba don ka zauna," in ji ta. "Ni ma haka aka raine ni. Amma 'yata ɗaya ce, kuma ba ta da uba. Ba zan ba da ita ga mutumin da za a ce wa zauna ranar da take bukatar mai tsaya mata ba. Je ka, Allah ya haɗa ka da rabonka."

A gida kuma Kawu ya ce ya fita harkar yarinyar da ke ihu da lasifika, kujerar manaja tana jiransa in ya gama karatu. Darcy ya samu fili, yana raka Taimane tashar bas, yana gaya wa kowa cewa Niko ya san komai tun farko. Ya nemi soyayyarta, ta ce ba yanzu ba. Niko ya rame. Yakan tsaya can nesa ƙarƙashin bishiya yana kallon ƙofar shagon. Ita ma ta rame, ta daina zana komai a kan kumfa. Ganinsu ya riƙa karya mini zuciya, kuma ba abin da zan iya.

Ana saura kwanaki kaɗan a rufe shagon gaba ɗaya, Niko ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya roƙi wata tabarma mai laushi da ke ƙasan akwatinta, wadda kakarsa ta saƙa aka ajiye don ranar aurensa.

"Ifoga za ka yi, durƙuson neman gafara?" in ji ta. "Ba jini aka zubar ba, Niko. Kuma matai ne ke jagorantar wannan, ba yaro shi kaɗai ba. Kawunka zai ce ka zubar mana da mutunci."

"Na sani, Mama."

"In ba su ɗaga ba fa?"

"Sai in ci gaba da jira."

Ta buɗe akwatin tana share hawaye.

Ranar ƙarshe muka iso da sassafe, muka tarar da shi a ƙofar shagon, a durƙushe kan siminti, tabarma ta lulluɓe shi tun daga kai. Haka ake yi: mai laifi ba ya ci, ba ya sha, ba ya tashi, sai wanda aka ɓata wa ya ɗaga tabarmar da hannunsa. Mama Fuatino ta tsaya ta dube shi, ta kewaye shi, ta buɗe ƙofa ta kunna inji.

Rana ta fito da zafin nan na Nuwamba, wanda a ƙasar nan lokacin bazara ne. Ɗalibai suka riƙa zuwa suna sauke kofunansu, suna rungumar Mama, bango yana tsirara a hankali. Wasu suka tsaya ɗaukar hoto. Mai gadi ya taho zai kore shi, ɗan Tonga ne, maƙwabciyar Samoa, da ya ga tabarmar sai ya cire hularsa ya koma.

"Wasan kwaikwayo," in ji Darcy.

"Ɗauki kofinka ka tafi, Darcy," in ji Taimane, ba ta ko dube shi ba.

Can ta matso kusa da uwarta. "Mama, rana ta yi zafi."

"Na gani."

"Zai suma."

"Durƙuso ba ya masa wuya, 'yata. Abin da ya iya ke nan."

Da tsakar rana sai ga Kawu Alapati. Wani ya tura masa hoton. Ya ratsa ɗalibai, ya tsaya a gaban tabarmar, ya yi magana da muryar nan dai mai taushi.

"Tashi, ɗana."

Tabarma ba ta motsa ba.

"Faleniko, ni nake magana. Tashi mu tafi gida."

Daga ƙasa murya ta fito, a dishe. "Ka gafarce ni, Kawu. Ba kai za ka ɗaga ni ba."

"In na juya ba ka biyo ni ba, kada ka dawo gidana."

Ya juya. Muna kallo tabarmar ta fara rawa, kuka yake yi a ƙarƙashinta. Amma bai tashi ba, har takun kawunsa ya ɓace.

Mama Fuatino ta goge hannu a jikin zanenta, ta fita cikin rana, ta sunkuya ta ɗaga tabarmar. Ta kama shi ta shigo da shi, gwiwoyinsa duk sun sale. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da shuɗin kofin.

"Ba shi ruwa tukuna," ta ce wa Taimane. "Sai ki haɗa masa gahawa. Madara kaɗan."

Taimane ta haɗa, ta zana zuciya a kan kumfar, ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kumfar.

"Dankali ne," in ji shi.

Dariya da kuka suka zo mata tare. "Kalle ni, Dogo."

Ya ɗaga kai ya kalle ta.

Shagon dai bai tsira ba. Da yammar nan muka rufe shi. Kamfani ya buɗe reshensa, har da layi, kuma na ga wasu daga cikin masu kaɗa cokali a layin. Mama Fuatino har yau ba ta bi ta wajen laburaren.

Bayan bikin Ista aka ɗaura auren a cocinmu na Logan. Tsoffin 'yan shagon suka zo kowa da kofinsa, Mama ta cika musu. Tabarmar nan aka shimfiɗa wa ango da amarya, da ɗan tabon siminti a gefenta. Niko ya yi ta duban ƙofa har aka tashi. Kawunsa bai zo ba.

Bayan biki Mama Fuatino ta je ɗan gidan da suka kama, da guduma a jaka. Ta kafa ƙusa ɗaya can sama a bangon kicin, ta rataye shuɗin kofin. Ta kafa ta biyu daidai hannun Taimane. Sannan ta kafa ta uku.

"Wannan fa, Mama?" in ji Niko.

"Ta kawunka ce. Ya raine ka, ɗana. Ranar da ya zo, kada ya tarar ba a ajiye masa wuri ba."

Niko ya rufe fuska da hannuwansa, Taimane ta jingina kai a kafaɗarsa. Ƙusar tana nan har yanzu ba kofi. Allah ya kawo mai ita, ya sa albarka a auren nan, ya bar su tare.