Ana Duba Buƙatarka

Ranar Asabar ya fara ganinta, a ajin koyon Turanci na manya da ke saman wani shagon gyaran waya. Ya shigo a makare, ya tarar da Malama tana goge allo da gefen hannu.

Da aka tashi ya tsaya ya faɗa mata damuwarsa. Shi akawu ne a sashen karɓar koke na wani kamfanin sayar da injuna, kuma ogansa ya ce wasiƙunsa sun cika gaskiya, yana rubuta rana da lokaci, mutane suna zuwa suna riƙe musu wuya. Turancin da yake nema shi ne wanda mutum zai cika shafi bai ɗauki alkawari ko ɗaya ba.

Sai da ta dafa tebur don dariya, amma ta koya masa. Ta ce "shortly" tana iya zama gobe, tana iya zama baɗi. "In due course" ba ta da ranar isowa. "Possibly" kuwa a'a ce da ta shafa turare.

Cikin wata uku oga ya ƙara masa matsayi, Malama kuma ta fara yawan duba wayarta.

"Malamata, yau na amsa wasiƙa goma sha biyu ban ce komai ba. Ke kaɗai zan faɗa wa magana a fili: kin shiga raina."

"Ɗalibina, wannan ba ta cikin darasi. Amma na ba ka maki."

Mahaifinta kafinta ne, mai auna katako sau biyu kafin ya yanka. Ranar da akawu ya je gaishe shi, Baba yana jin sunan kamfanin ya shiga ɗaki ya fito da leda cike da wasiƙu. Wata takwas ke nan injinsa na yankan katako yana wurinsu don gyara.

"Kai ne mai sa hannun nan kamar ƙugiya?"

Akawu ya sunkuyar da kai. Malama ta sulale kicin, don ita ce ke fassara wa Baba wasiƙun, tana ganin darasinta yana dawowa gida.

Ga kuma mai kemis na bakin layi, wanda tuni kawunsa ya zo nema masa auren Malama, har da ranar da suke so.

Baba bai yi faɗa ba. Ya sa 'yarsa ta ɗauko biro ta rubuta wa akawu da Turanci cewa ana duba buƙatarsa, za a sanar da shi nan gaba. Duk mako sai a aika masa irinta. A mako na biyar wandonsa ya fara zamewa. Inna ta ce a tausaya wa ɗan mutane, Baba ya ce shi ma ɗan mutane ne ai, wata takwas.

"Malamata, mene ne matsayina?"

"Kai ka fi ni sanin fassarar, masoyi. Baba ya ce Juma'a zai ba mai kemis amsa."

Washegari akawu ya sauka sito da kansa, ya tono injin daga ƙarƙashin kwalaye, ya tsaya a kan makaniki har ya gama. Sannan ya rubuta wasiƙa mai layi ɗaya: injin zai iso Laraba ƙarfe goma. Oga ya gani, ya ƙwace matsayin nan take.

Laraba, goma saura biyar, akawu ya sauko daga bayan motar kaya, rigarsa duk baƙin mai. Baba ya duba agogo, ya kunna injin, ya yanka katako ɗaya ya shafa bakin katakon da yatsa.

"Ka turo manyanka jibi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba da hannunsa ya ƙera musu gado da kujeru, ya damƙa hannun 'yarsa a na ango, ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ɗaliban ajin Asabar, da suka cika tsakar gida, suka amsa da amin.