Wadda Ake Saukewa a Ƙarshe

Likita ce ta kira 'yan sanda, ba iyayen yarinyar ba. Wannan kaɗai ya ɓata wa Sufeto rai tun kafin ta isa asibitin.

Auta, 'yar shekara bakwai, na zaune bakin gado ta ƙura wa bango ido. Likita ta ce an ci zarafinta, kuma ba sau ɗaya ba.

"Yaushe ta daina magana?" Sufeto ta tambayi uwar.

"An kwana biyu, ranki ya daɗe. Ta koma fitsarin kwance. Da an ce ta shirya makaranta sai kuka da birgima. Na ɗauka ƙiwuya ce, na yi ta zane ta."

Uban ya matso. "Faɗuwa ta yi, Sufeto. A rufa mana asiri."

"Asirin wa, Malam? Naka ko na wanda ya yi?" Ta watsa masa harara har sai da ya sunkuyar da kai. Ba abin da ta tsana irin wannan roƙo, domin kullum mai laifi yake ceta.

A makaranta, malamar ajin ta ce Auta ba ta tsoron aji. "Amma da ta ji hon ɗin motar da ke kwasarsu, sai ta shige ƙarƙashin tebur."

Direban dattijo ne mai fara'a, kowa na kiransa Baban Yara.

"Haba ranki ya daɗe, ai 'ya'yana ne duka! Ita nake fara saukewa ma, layinsu ne na farko daga makaranta."

Mai shagon bakin layin kuwa ya girgiza kai. "Motar wucewa take cike da yara. Sai daga baya ta dawo, yarinyar ita kaɗai a ciki."

Sufeto ta koma makarantar, ta shige gaban motar, ɗan sanda ɗaya a baya. "Tuƙa, Baba. Bi hanyarka ta kullum."

Ta ja shi da hira, tsadar taya, rashin kyan titi. Ya saki jiki yana ta zuba. Suka zo layin su Auta, ƙafarsa ko taɓa birki ba ta yi ba. Ya wuce abinsa kamar yadda ya saba.

"Tsaya! Ina layin da kake fara shiga?"

Ya waiga, gumi ya keto masa. "Mantuwa ce..."

"Ƙarya kake! Bakinka ne ya iya ƙarya, hannunka bai iya ba. Ina kake kai ta bayan ka sauke sauran?"

Ya kifa kai a sitiyari. "Bayan wani kango. Na ce mata in ta faɗa, uwarta za ta mutu. Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan ba shi da lasisin tuƙi. Kai ne!" Ta juya ga ɗan sandan. "Sa masa ankwa, a tafi da shi."

Ta koma asibiti ta durƙusa gaban Auta. "An kulle shi. Kuma ƙarya ya yi miki, ba abin da zai sami mamarki. Ba laifinki ba ne."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ga uwar, murya can ƙasa.

"Mama, gobe in ban shiga motar ba, ba za ki dake ni ba?"