Tsohon da Ke Bangon Falo

Ranar da mai firam ya fara shigowa gidanmu, 'yata Auta ce ta buɗe masa ƙofa, ni kuma ina kan kujera ina aikin da na fi ƙwarewa a kansa tun da na yi ritaya, wato kallon mutane suna aiki.

Zane ne ya kawo shi. Marigayiya matata ce ta saye shi: wani tsohon masunci zaune cikin kwalekwale, faɗinsa ya kai ƙofa, firam ɗinsa katako mai nauyin tsiya. Tsoho take ce masa, mu ma haka. Tun da muka koma ƙaramin gidan nan bayan rasuwarta yake jingine a ƙasa, fuskarsa ga bango.

Yaron ya ƙwanƙwasa bangon yana saurare kamar likita, ya ce nan holoƙo ne, can ne siminti ya cika. Ya huda, ya ɗaure ƙugiya, ya rataye zanen, ya ce Auta ta koma baya ta gaya masa in ya miƙe.

"Dama kaɗan," in ji ta. "A'a, ka wuce. Hagu."

"To, Sufeto."

Ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun uwarta na da rai, kuma maimakon in ji daɗi, sai na ji kishi. Haka Allah ya yi ni.

Daga nan Tsoho ya kamu da ciwon karkacewa. Duk ƙarshen mako sai ya karkace, sai an kira mai firam. Ban taɓa ganin zanen da ke duba kalanda ba, amma na yi shiru. Ina da nawa shirin: ɗan abokina, likitan haƙori, yaro mai mota da murmushin talla. Yakan zo ya zauna ya yi mini bayanin dasashi, Auta ta ajiye masa shayi ta ɓace.

Wata rana da yamma ta bar wayarta kan tebur, saƙo ya shigo, idona ya faɗa kai. To, na taimaka masa ya faɗa.

"Sufetona, gaskiya Tsohon nan naku ya yi nauyi, kuma bayansa ya fara ruɓewa. Abu ɗaya ne ke riƙe da shi. In ba a yi dabara ba, wata rana zai faɗo ya danne ki."

Ni da ke fama da ciwon baya. Washegari na tare mai firam a bakin ƙofa na ce kada in ƙara ganin ƙafarsa. Ya tambayi laifinsa cikin ladabi, na ce ya je ya tambayi bayana.

Auta ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ci gaba da dafa abinci, tana miƙo mini magani kan lokaci, har ta fara zama da likitan tana cewa "haka ne" a inda ya kamata. Gidan ya koma kamar ɗakin jiran asibiti. Da abin ya ishe ni, na karanto mata saƙon da ka, don ta san ba zalunci na yi ba.

Ta dube ni, ta kama hannuna zuwa bango, ta ɗaga gefen firam ɗin. Allon bayan ya yi baƙi, danshi ya cinye shi, ga ƙugiya ɗaya tilo tana ɗauke da komai.

"Zanen yake nufi, Baba. Kai ka ga kanka a ciki."

Na so in yi dariya, sai ta miƙo mini wayar, ta ce tunda na iya karatu in ƙarasa. Saƙonta ne, tun kafin in kore shi:

"Masoyina, ka daina tambayata aure. Ba ni da kowa a zuciya sai kai, amma in na fita, wa Baba yake da shi? Ka yafe mini."

Ashe ba ni na raba su ba, na dai sa hannu ne a aikin da ta riga ta gama saboda ni.

Ni na kira shi da kaina. Na ce ya zo da sabon allo da ƙugiya ta biyu, in ya gama kuma ya turo manyansa. Sai ya ce, "Baba, akwai ɗaki dominka a wajena."

Na ce ya riƙe ɗakinsa, 'ya'yan da za su haifa na tafe.

Aka ɗaura aure. Likitan ma ya zo, haƙora a waje, mutumin kirki. Da motar ɗaukar amarya ta tsaya, Auta ta durƙusa gabana ta riƙe gefen rigata, ta ce in dinga ɗaga waya in ta kira, kada in ce ina lafiya alhali ba haka ba ne.

Na ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai, kamar yadda kika ji ƙaina. Tashi, mijinki na jira."

Da ƙarfi na faɗa, don na san in na sassauta muryar za ta karye, ita kuma ta fasa tafiya.