Ka Bar Ni da Kunya

"Ki faɗi sunana, Mansura."

Ta ɗago kai daga farantin shayin da ta ajiye masa. La'asar ta yi sakaliya. Ƙarar walda na shigowa daga garejin maƙwabta, irin ƙarar da ba ta rabuwa da unguwarsu ta Gubaira, keken ɗinkin Gogo kuma na ta aiki a ɗakin ciki.

"Abu Malafa, lafiya?"

"Ba wannan ba. Wanda aka yanka min rago da shi."

Ta san sunan kamar yadda ta san tafin hannunta. Amma da ya iso maƙogwaronta sai ya tsaya.

"An ce min ba ni kike so ba," ya ce a hankali. "An ce murya kike so, da wani Bature da ya daɗe a ƙasa. An ce mahaifinki kike nema a jikina."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya san ki tun kina rarrafe."

Kamil ke nan, ɗan ƙanin mijin Gogo, akawu a wani dogon bene na unguwar Ulaya, wanda ya jima yana kawo mata turare tana mayar masa.

"Sau ɗaya kawai, masoyiya..." in ji Abu Malafa.

Idonta ya cika. In ranta ya ɓaci Hausa guje mata take yi, Larabci ya taso, don a Riyad aka haife ta. Ta tattaro 'yar Hausar da ta rage mata.

"Don Allah... ka bar ni da kunya."

Ya dube ta, sannan ya ɗauki makullin motarsa.

"To. Na bar miki."

Shayin ya huce inda ta ajiye shi.

*

Mahaifinta ya zo Riyad yana saurayi, ya yi tela har Allah Ya karɓi abinsa. Duk unguwa Abu Mansura ake ce masa, irin kiran Larabawa, har sunansa na ainihi ya ɓace daga bakin mutane. Abu ɗaya ya taho da shi daga Kano bai taɓa ajiyewa ba: son finafinan kaboyi na wani ɗan wasan Amurka, Harlan Dray, wanda 'yan silima na da suke ce wa Mai Malafa.

Bayan rasuwarsa, Mansura ta zauna ita da Gogo, ƙanwarsa, a gidan da ya yi musu faɗi. Wata rana ta kunna wayarsa, ta tarar da abin da yake saurare yana ɗinki: wani mutum ne yana ba da tarihin Mai Malafa da Hausa, kashi-kashi, cikin murya mai sanyi.

Ta ji yadda aka haife shi a gidan manomi, sunansa Tobias. Ta ji yadda yake share bargar dawaki a kamfanin fim, har ranar da jarumi ya faɗo daga doki aka ce ya hau a madadinsa. Masu kamfanin suka ce sunansa ba zai cika silima ba, suka raɗa masa sabo. Ya bar wata yarinya a ƙauye da alkawarin zai dawo bayan girbi.

Da muryar nan Mansura ta gyara Hausarta. Da ita kuma take cika gidan.

Rannan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salamu alaikum. Abayar Madam ce aka ce in kawo a rage tsawo."

Ledar abayar da ta karɓa ta kusa suɓucewa daga hannunta.

"Kai ne... kai ne mai labarin Mai Malafa?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. Direban wani gida ne a Ulaya. A mota yake ɗaukar labarin, in yana jiran Madam ta fito daga kanti. Abokansa direbobi suka laƙaba masa Abu Malafa. Da ta tambayi sunansa na gaskiya ya faɗa mata, sai ta sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka jan aji ne.

Gogo kuwa ko sunan ba ta tambaya ba.

"Direba mai surutu shi kaɗai a mota? Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, a hannun wani, gobe a ce masa tafi ya tafi. Ga Kamil nan da ofishinsa da sanyin na'ura."

"Gogo, sanyin na'ura ba ya hira."

"Ke kuma hira za ki ci?"

*

Tun ranar shayin nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Wani direba aka fara aikowa da abayoyin.

Mansura ta koma cikin shirun da ta fito. Tana kafa maɓalli, tana guga, tana kallon ƙofa. Sau da yawa ta ce a ranta, da na faɗa masa dalili. Amma me za ta ce? In ta faɗa, ai maganar Kamil ta gaskata: mahaifinki kike nema a jikina. Kuma ai ta roƙe shi da Hausarsa, ya ji, ya tafi.

Kamil ya zo da kwalin dabino.

"Kef halik, ya bint ammi? Yaya kike, 'yar uwa? Na ji ɗan kaboyin naki ya hau dokinsa."

"Ka ajiye a can, Gogo za ta ci."

"Ni dai ko a kasuwa kika kira ni, zan amsa."

Ta ci gaba da kafa maɓallinta.

Ranar wata Alhamis da hantsi, wayar mahaifinta ta nuna sabon kashi ya fito. An rubuta: na ƙarshe. Ta kunna ta ajiye a kan teburin guga. Gogo na yankan yadi, ba ta ce a kashe ba.

Muryar ta rame.

Ya ba da labarin tsufan Mai Malafa. Aka daina finafinan dawaki, waya ta daina kira. Ya koma ƙauyensu yana dogara sanda. Mutane suka fito suna ihu, Harlan, Harlan. Ya tambayi yarinyar nan, aka nuna masa kabari. Ita kaɗai ce ta rage a duniya mai ce masa Tobias. Ya ƙare kwanakinsa a ɗakin otel, malafarsa rataye a bayan ƙofa.

Almakashin Gogo ya daina motsi.

"Jama'a," in ji muryar, "a nan ƙasar, in an ce da mutum Abu kaza, Larabawa na kiran wannan suna kunya. Ni ma ina da tawa. Akwai wadda na roƙa ta kira ni da sunana, ta ce in bar ta da kunya. Na gane laƙabin take so, ba mai shi ba. Na bar mata. Yau bayan la'asar zan tashi gida. Ku yafe ni. Ni ne naku, Idrisu."

Mansura ta dafe teburin.

"Da Hausa na faɗa..." in ji ta. "Gogo, wallahi da Hausa na faɗa. Shi da yake gyara min Hausa kullum, ranar da na faɗi daidai sai ya ji Larabci."

Gogo ba ta ji ta ba. Ta zauna a kan tarin yadin.

"Wa ya ce sunansa?"

"Kin ji, Gogo. Ni ba zan iya maimaitawa ba."

"Sunan Yaya..." Ta kai gefen mayafi ga idonta. "Shi ya sa ban taɓa jin kin kira shi ba. Ni da nake cewa yaran nan na Saudiyya ba su san komai ba. Kuma Kamil ya sani?"

"Shi ya yi wa Baba takardun asibiti."

Gogo ta miƙe ta ɗauki wayarta.

"Kamil, kana ina? Bar ofishin. Kawo motar nan taka mai sanyi, unguwa za ka kai mu."

*

Hanyar Filin Jirgin Sarki Khalid tana da tsawo. Kamil ya yi ta kallon madubi.

"Gogo, ni fa taimakonta na yi niyya..."

"Dubi titi, ɗan nan. Taimakon ke nan."

Zauren tashi ya cika da 'yan gida masu ɗaure-ɗauren kaya da barguna. Mansura ta hango shi a layin awo, da jaka ɗaya, ya juya baya.

"Abu Malafa," ta kira.

Kafaɗarsa ta motsa. Bai waiwayo ba.

Layin ya matsa. Mutum biyu suka rage a gabansa.

"Kira shi mana," in ji Gogo.

"Ke ki kira."

"Ni? Sunan yayana ne fa."

Mansura ta rufe ido. Ta tuna yadda Gogo ke kiran wani yaro a Kano ta waya, jikan da aka mayar wa suna. Ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi a cikin mutane ba.

"Mai sunan Baba!"

Dattawa biyu a layin suka juyo suna murmushi, don kowa ya san kiran. Idrisu ya waiwayo. Ya janyo jakarsa ya fito daga layi.

"Abu Mansura..." ya ce. "Sunansa ke nan?"

Ta gyaɗa kai.

"Inna lillahi. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, aka ce min kunya na tafi neman fassara a Larabci." Ya durƙusa gaban Gogo. "Gogo, ina wuni?"

"Tashi, tashi. Ba a durƙusa min da wannan sunan a bainar jama'a. Bizar fitar da ba dawowa suka ba ka?"

"Ita na nema. Kafili, maigidan da nake wa aiki, ya ƙi, ya ba ni ta fita da dawowa. Ni ne na yi niyyar in zauna."

"To ka warware niyyar. Ka je ka gaida manya, ka ce su yi magana da dangin Yaya a Kano."

Ya juya ga Mansura.

"Tambaya ɗaya, abar ƙaunata. Ni ne, ko shi?"

Ta share fuska da bayan hannu.

"Muryarka gadon Baba ce, shi ya bar min ita a waya. Amma Baba bai taɓa barin shayina ya huce ba. Wannan laifin naka ne kai kaɗai, kuma kai nake jira ka zo ka shanye."

Ya yi dariya, idonsa jajir.

Aka kira fasinjojin Kano. Ya ɗauki jaka, ya yi taku kaɗan, ya tsaya.

"Tobias ya ce bayan girbi, bai dawo ba."

"Kai fa?"

"Ni ba ni da doki. Ki ɗora ruwan zafi."

"Allah Ya kiyaye hanya, mai sunan Baba."

Wannan karon tun ba ta rufe baki ba ya amsa.

"Na'am."